Gidan da Gara Ta Gina

Hannun na'urar ya sauko a hankali yana zuba jar laka, layi bisa layi, kafin rana ta take tsaka bango ya wuce tsayin mutum. Kamfanin da ya ƙera ta ya sa mata suna Maginiya, amma mutanen Sabuwar Marke Gara suke ce mata, domin ba a kawo mata yashi ko siminti daga ko'ina. Bututunta take zurawa can ƙarƙashin ƙasa, ta zuƙo laka da ruwa, ta gasa su da zafin rana, ta tayar da gida.

Ta tagar jirgin ƙasa Lawandi ya fara ganin ta. Shi mai gyaran allunan sola ne, a ɗakin haya aka haife shi a Kano, a ɗakin haya gemunsa ya fara furfura. Gidajen Sabuwar Marke kuwa ba sa jiran mai shawara. Da zarar Gara ta rufa wa gida rufi, hotonsa zai bayyana a wayoyin dubban mutane, wanda ya riga dangwala yatsa shi ne mai gida. Sau da yawa ana riga Lawandi. Ranar da ya dace, bai ma tsaya duba hoton ba.

"Kai ɗan nan, wannan nisa haka?" in ji mahaifiyarsa, Inna Kubura, ranar da suka tare, tana kallon fili fetal ba ko bishiya.

"Inna, nisan ne ya sa ya zama namu."

Gidan ya yi kyau. Bango santsi, ɗaki sanyi ko da rana ta ƙwalle. Inna ta shafa ƙofar ɗakinta tana hawaye, ta ce yau dai ba mai buga mata ƙofa ya ce ta kwashe kayanta.

Bayan damina ƙofar nan ta ƙi rufuwa. Lawandi ya fere gefenta, ta sake cijewa. Sannan ya lura in Inna ta zubar da ruwan wanke-wanke, ba ya bin magudana, sai ya gangara kusurwar gabas ya taru. Da ya yi wa maƙwabcinsa Malam Sidi zancen, dattijon takalmi kawai ya saka ya ce su taka.

Suka yi gabas, wajen layukan da aka fara ginawa, inda kamfanin ya kewaye da dogon shinge ya ce lambu ake yi. Malam Sidi ya ɗaga wani kwano da ya ɓalle. Lawandi ya leƙa. Gidaje ne irin nasa sak, wasu ƙasa ta haɗiye su zuwa taga, wasu rufinsu kaɗai ake gani.

"Lakar da aka gina naka da ita, daga ƙarƙashin waɗannan ta fito," in ji Malam Sidi. "Wadda take gini da ita yau, daga ƙarƙashinmu take jan ta."

"To me ya hana a tsayar da ita?"

"Wa zai tsayar? Duk wanda ya gane, sayarwa yake yi ya yi gaba. Ni ma jiya na sa nawa a kasuwa."

Lawandi ya dawo gida ya tarar da Inna tana ba wa zogalen da ta shuka ruwa. Ya kasa gaya mata. Ya shige ɗaki ya sa gidan a kasuwa, kafin ya ajiye wayar har mai saye ta fito. Fuskar wata mata ce ta cika allon, Malama Zinatu, malamar firamare, bayanta yara a cunkushe kan katifa ɗaya.

Yatsansa na kan wurin amincewa, amma ya kasa dannawa.

"Malama, ki saurare ni. Gidan nan nutsewa yake yi. Na gani da idona."

Ta ce, "Zai kai shekara nawa?"

"Allah kaɗai ya sani. Ƙila kaɗan."

"Malam, ni ban taɓa kwana a inda zan ce nawa ba ne. Ko kaɗan ɗin ne, ka sayar mini."

Lawandi ya ce ba zai iya ba, ya cire gidan daga kasuwa. Da yamma ya zaunar da Inna ya faɗa mata komai. Ta ce su zauna har inda Allah ya nufa, amma kada ya tura 'ya'yan wani cikin rami.

Ranar Juma'a motar kaya ta tsaya a ƙofar gidan Malam Sidi. Malama Zinatu ce ta sauko, yaranta suka ruga ciki suna ihun murna, kowa na zaɓen ɗaki. Ta gane Lawandi, ta gaishe shi cikin ladabi, ta kau da kai.

Can yamma da gari an kawo wa Gara 'yar'uwa, saboda masu jira sun yi yawa. Lawandi yana tsaye a tsakar gidansa ya ji sabuwar ta kama aiki, ƙasa ta yi wata 'yar girgiza a ƙarƙashin tafin ƙafarsa.