Ɗoɗɗoyar Bayan Coci

"Wai lafiya kake, Bakanike? Tun da muka sauka daga mota duk ka zama wani iri."

"Lafiya lau, Auta. Wannan kuma mene ne sunansa?"

"Tafasa. Sau uku ke nan kana tambayata."

Yau ne zai fara gaishe da Baba, shi ya sa na ɗauka tsoro ne. Baba kuwa ya riga ya ce ba zai ba da ni ga mutumin da zai tafi da ni birni ba, kuma tun da idonsa ya tafi ba wanda ke iya juya shi. Ina son Baba, ina son wannan bawan Allah, na rasa inda zan sa kaina.

Muna tafe a 'yar siririyar hanya ina nuna masa tumfafiya da rai-ɗore, sai na tsinko ɗoɗɗoya na kai masa hanci.

"Ji ƙamshi. Irinta Baba ya dasa daga ƙofar coci har kabarin Mama. Kowace safiya yakan bi ta yana shafawa da ƙafa, ƙamshin ya kai shi. Ba ya yarda a riƙe masa hannu."

Bakanike ya ja ya tsaya.

"A bayan coci?"

"E mana."

"Auta... jiya na zo."

"Ka zo ina?"

"Nan. Da fartanya. Na ga ciyawa ta cinye wurin, na ce bari in gyara, ko Baba zai ji cewa ni ma ɗa ne."

Ban san lokacin da na kwasa da gudu ba.

Cocin na nan da tsohon rufin kwanonsa, amma bayansa fes, ko tsinke babu. Baba yana tsaye a tsakiyar filin yana laluben ƙasa da ƙafa, ya ba kabarin baya. Na rasa wanda zan yi wa kuka a cikinsu.

Bakanike ya durƙusa.

"Baba, ni ne. Ban sani ba."

Baba ya juyo wajen muryar.

"Kai ne mai son Auta?"

"Ni ne, Baba."

"Ka iya noma, wannan kam." Ya miƙa hannu. "Tashi ka kai ni wurin matata."

Bakanike ya riƙe shi a hankali har gaban kabarin. Baba ya zauna, bai saki hannun ba.

"Ɗoɗɗoya sai damina mai zuwa za ta kama. Ni kuma kullum nake zuwa."

Na raɗa wa Bakanike, "Hukunci ne wannan, ko ya yarda?"

Ya share ido da bayan ɗaya hannun.

"Baba, ƙarfe nawa zan zo gobe?"