Fashewar Akwatin Kifin Malama Tahira

Da hantsin ranar Litinin aka shigo da wani mutum ofishin 'yan sanda, an shaƙe masa wuyan riga, wandonsa jiƙe sharkaf. Wanda ya riƙo shi dattijo ne, Malam Sama'ilu, yana ta haki.

"Yallaɓai, ya kusa kashe mini mata!"

Sufeto Zakiyyu ya ajiye kofin shayinsa. "Da me?"

"Da mugun aiki. Bai kankare silikon ba."

Sufeto ya ga fashi, ya ga satar shanu, amma wannan bai san ta inda zai kama ta ba. Sai a mota, a hanyar ƙauyen da ke gefen Minjibir, aka warware masa. Matar dattijon, Malama Tahira, tun da ta bar koyarwa take ƙyanƙyasar tarwaɗa a akwatunan gilashi. A ƙarƙashinsu akwai wani akwatin da ke tace ruwa, famfo ya mayar da shi sama. Shi ne ya daɗe yana yoyo, aka kira wannan mutumin, Sha'aban mai gilashi, ranar Juma'a ya wargaza shi ya sake haɗawa da silikon, ɗankon da ke liƙe gilasan. Da safen nan ana cika shi ya dare. Gilashi ya yanke ta a ƙafa, famfo ya ƙone, tana asibiti, 'ya'yan kifin kuma sun fara juya ciki sama.

A rumfar kifin, Sufeto ya tsuguna cikin caɓi.

"Gaya mini yadda ka yi."

"Yallaɓai, sabon silikon ba ya kama tsoho," in ji Sha'aban. "Na sa reza na kankare kowane gefe, na canza reza na sake bi, na goge da sifirit. Wallahi har ƙara yake in ka ja yatsa."

"Ƙarya yake!" in ji Malam Sama'ilu.

Sufeto ya ja silikon ɗin wani ɓangare, ya ƙi motsi. Ya ja na wani, shi ma gam. Da ya zo kan gilashin da ya ɓalle, sai abin ya saluɓo gaba ɗaya kamar saɓar maciji, ƙarƙashinsa fes, babu ko ɗigon tsoho.

Ya sosa ƙeya. In ha'inci ne, ina tsohon silikon ɗin? In aiki ne mai kyau, me ya ɓalle shi?

Yana nan tsugune ya ga kiyashi sun yi layi a bakin gilashin nan, ban da sauran. Ya shafa wurin, ya murza yatsunsa, ya kai hanci. Man gyaɗa.

"Ka ci ƙosai kana aiki?" ya tambayi Sha'aban.

"Ni? Azumi nake ramawa duk satin da ya wuce."

"Ka bar wurin ko sau ɗaya?"

"Ko nan da can."

Malam Sama'ilu ya yi tsaki. "Wa na gani a masallacin Juma'a, to? Aljani?"

Sha'aban ya sunkuyar da kai. Ya amsa cewa ya tafi, daga masallaci kuma ya wuce kasuwa neman silikon, don wanda ya zo da shi ya daskare. Tsoro ne ya sa ya ɓoye. Gilasan ya jingina su a katangar baya su sha iska, da ya dawo ya haɗa su bai sake gogewa ba.

Kan Sufeto ya ƙara kullewa. Wanda ake ƙara maƙaryaci ne, amma ƙaryar tasa wanke shi take yi, tunda gilasan sun zauna ba mai tsaro. Shi mai ƙarar fa? Ya tambayi Malam Sama'ilu ko yana ƙin sana'ar matarsa. Dattijon ya ce ƙarni kawai yake ƙi, da kifin ake cefanen gidan.

Sufeto ya zagaya baya. Katangar gajera ce, iya ƙirji. Ya leƙa. Gonaki ne manne da juna har iya ganinsa, duk sun bushe ƙayau, sai kututturen gero. Amma a gindin katangar, wani ɗan lambu ne kore shar, alayyahu da salak sun yi luf.

"Na wane ne wannan?"

Malam Sama'ilu ya ce, "Na Ɗanliti, maƙwabcinmu. Mutumin kirki."

Aka kira shi. Ya zo da fartanya a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida Sufeto, ya yi wa Malam Sama'ilu jaje.

"Ina kake samun ruwa da ranin nan?"

"Rijiyar bakin hanya, ranka ya daɗe. A ka nake ɗaukowa."

"Rijiyar da ta ƙafe tun bayan kaka?" in ji Malam Sama'ilu, shi ma mamaki ya kama shi.

Sufeto ya tsallaka katangar, ya damƙi ƙasar lambun ya shaƙa. Ƙarnin kifi. Ya ture wani tarin kara, sai ga rami a gindin katanga, da 'yar magudana da aka gyara da hannu, ta taso daga rumfar kifi ta rarrabu cikin fangalin lambun.

Ya juya ga Sha'aban. "Wa ka gaya wa mai yana hana silikon kamawa?"

A hankali Sha'aban ya ɗaga ido ya dubi Ɗanliti. "Shi. Yana leƙowa muna hira. Ya tambaye ni in na gama ko zai sake yoyo, na ce ko ɗigo, sai dai in maiƙo ya taɓa bakin gilashin."

Fartanyar ta zame daga kafaɗar Ɗanliti.

"Yoyon nan shi ya ciyar da 'ya'yana tun da hatsina ya ƙare," ya ce, idonsa a ƙasa. "Da kowa ya tafi masallaci na ɗebi man gyaɗa a tsumma, na miƙa hannu na shafa wa gilashi guda. Ɗiga kawai nake so ya ci gaba da yi, ranka ya daɗe. Ban san zai fashe ba. Malama ita ta koya wa 'yata karatu."

Malam Sama'ilu ya daɗe yana kallonsa.

"Ɗanliti, kullum sai mun canza wa kifin nan ruwa. A kwata muke zubarwa, ta ƙofar gida. Me ya hana ka buɗe baki mu ba ka?"



Sufeto ya ce wa Sha'aban ya tsaya ya ceci kifin da suka rage. Ya sa wa Ɗanliti ankwa, ya tasa shi gaba zuwa mota, suka bi ta gefen fangalin don kada su taka salak.