Tsarabar Gwaggo Delu

Da ƙarfe bakwai na safe Hancin Rumbu ya fara zagayensa. Na'ura ce mai girman tunkiya, tana hawa bangon rumbun gyaɗa mai hawa arba'in da ke tsakiyar birnin Rimaye, ta zura siririn bututu cikin kowane hawa, ta shaƙi ƙura, ta karanta ƙwayoyin gadon duk fumfunar da ta tarar. Shekara tara amsarta ɗaya ce: lafiya lau. Ran nan a hawa na sha bakwai sai ta tsaya cak, fitilarta ta koma ja.

Dakta Lantana, wadda ta tsara aikin tun farko, ta ɗauka tsufa ne ya kama na'urar. Sai da ta karanta allon sau uku kafin ta ajiye kofin shayinta.

Fumfunar gyaɗa tana da wasu ƙwayoyin gado kusan talatin, jere wuri guda kamar ɗakunan gidan haya. Aikinsu haɗa gubar da ke cin hantar mutum sannu a hankali, kuma zafi da laima ne ke tashin su. Tun farkon aikin Lantana ta yanke jerin gaba ɗaya, ta samar da fumfuna marar guba, mutanen gari suka raɗa mata suna Saliha. Aka watsa Saliha a rumbu ta cika ko'ina, ta hana mai gubar wurin zama. Da gyaɗar rumbun nan ake dama kunun yaran makarantun birnin kaf, kuma mako mai zuwa za a buɗe hawa na sha bakwai.

Yanzu ga Saliha a allo da jerinta cikakke, tana zuba guba. Tsoro ya kama Lantana, amma, Allah ya yafe mata, son sani ya fi tsoron yawa. Abin da aka yanke ba ya tsirowa da kansa. Sai dai idan Saliha ta haɗu da 'yar'uwarta ta daji sun yi musayar gado.

"Ta ina ta daji za ta shigo?" ta tambayi Injiniya Dattijo, mai kula da injinan rumbun.

"Dakta, kowane buhu sai an haska shi da hasken kashe fumfuna a ƙofar gari," in ji shi. "Abin da ba a haskawa sai aljihu da jakar hannu."

Jakar hannu. Sai Lantana ta tuna. Wata uku da suka wuce ta je ƙauyen Tsamiyar Dogo gaida ƙanwar babanta, Gwaggo Delu, tsohuwar ta ƙulle mata mudun gyaɗa a tsohon ɗankwali. Wa zai ƙi tsarabar gwaggo? Kuma tsaraba ba a cin ta a ɓoye. Ta raba wa ma'aikatan hawa na sha bakwai, suka ɓare, suka kaɗe hannuwa a bakin bututun iska.

Sauran gyaɗar na nan a aljihun teburinta. Ta ba na'urar ta shaƙa. Ga fumfunar daji, ga ƙwayoyin talatin ba wadda ta ɓace, amma guba ko ɗigo babu. Duk suna barci. Lantana ta manta da komai, ta kira ƙauye.

Fuskar Gwaggo Delu ta cika allon, ta matso da ita har hanci kawai ake gani.

"Guba a gyaɗata? Ke Lanti, kiyaye ni."

"Babu ita, Gwaggo, shi ya sa na kira. Me kike yi mata?"

"Me nake yi kuwa? In shanya ta a tabarma, in riƙa girgizawa a kunne. Sai na ji tana kacau-kacau cikin ɓawo nake kwashewa. Motsattsu da baƙaƙe kuma in tsince in ba wuta. Ku can kwana nawa kuke shanya taku?"

Lantana ta dubi Injiniya Dattijo, shi kuma ya dubi takalminsa. Shekara bakwai ke nan da kashe injinan busarwa. An ce tunda Saliha ba ta da guba, laima ba abin damuwa ba ce, gara a kai wutar lantarkin ga jiragen da ke yawo tsakanin benaye. Sa hannun Lantana ne a farkon takardar, kuma ranar har tafi aka yi mata.

Kafin azahar Hancin Rumbu ya gama hawa. Jar fitila a hawa har guda goma sha ɗaya. Lantana ta ba da umarnin a ƙone gyaɗar da ke cikinsu, ta rubuta a rahoto cewa ita ta shigo da gyaɗar, ita kuma ta yarda a kashe injinan. Kunya ta ishe ta, ba ta ɓoye ba.

Da la'asar Gwaggo Delu ta sake kira, don maganar ta tsaya mata a rai.

"'Yar nan, na ce ba? Ku da injin da ke karanta cikin ƙura, a shekara bakwai ba wanda ya girgiza gyaɗar ya saurara?"

Lantana ta sa safar hannu, ta ɗebi gyaɗar hawa na sha bakwai daga kwanon gwaji, ta kai kunne ta girgiza. Ba ta ji komai ba.