Tsohuwar Lungun Sabon Gari

Ana kiran magariba dutsen farko ya sauka a kan kwanon gidan Dakta Ridwan a Samaru. Matarsa Barakatu tana kwashe tuwo, ta ce ai yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo tsakar gida da zafinsa, kamar daga murhu aka ciro shi. Babu wanda ya ƙara ambaton yara.

A ranar ne Dakta ya zaga gari da 'yarsa Nana Khadija. A Fatakwal aka haife ta, watansu biyu da dawowa, kullum tana damunsa ya nuna mata Zariya. Suka ga ganuwa da Ƙofar Doka, suka ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Daga nan ta ja shi cikin lungunan Sabon Gari tana ta ɗaukar hoto. A wani lungu mai kwata suka iske wata tsohuwa tana wanke kwanuka a bayan rumfar tuwo. Tsohuwar ta ɗago, ta dube shi, ta sunkuyar da kai. Dakta ya ce, "Mu tafi, ba mu san kowa a nan ba."

Kwana uku, rana na faɗuwa jifa na farawa. Ranar na huɗu Nana ta daina magana. Ta zauna gindin famfo tana cuɗa kwano ɗaya, wankakke tas, har yatsunta suka yi jini.

Bayan la'asar aka ɗauko Malam Shehu daga Zabi, tsoho mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu. Can yarinyar ta ɗago, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

Malam ya ce, "Wane ne kai?"

"Aljani ne, maƙwabcin tsohuwar nan ta Sabon Gari. Shekara arba'in ina cikin rijiyar gidanta, ba ta taɓa watsa ruwan zafi ba tare da bisimilla ba. Tambayi mai gilashin can, wa ya gani a lungu?"

Dakta ya gyara gilashinsa, ya kau da kai.

Muryar ta ce, "Uwarsa ce! Ya san shi ne ɗan fari. Ya san ko wuta ke cin ta, kunya ba za ta bar ta ta kira sunansa ba. Da wannan ya fake ya wuce."

Barakatu ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Shekara ashirin kana ce mini ta rasu?"

Kaico, mutum da digirinsa uku, ya rasa inda zai sa idonsa. Kunya ta rufe shi har ya so ƙasa ta tsage.

Malam ya ce, "Laifin uba ne. Me yarinya ta yi maka? Fita."

"Zan riƙe harshenta shekara ashirin, kamar yadda ya riƙe nasa."

"Ba ka isa ba. Ka ji tsoron Allah."

Can muryar ta ce, "To ya koma. Ya faɗa da bakinsa, a gaban 'yar. In bai yi ba ina nan tafe." Nana ta yi atishawa sau uku, ta zube jikin uwarta.

Washegari da hantsi Dakta da Nana suka shiga lungun. Tsohuwar ta goge hannu a zaninta, ta ƙi kallon ɗanta, ta kamo Nana ta zaunar kusa da ita.

Nana ta ce, "Baba, wace ce?"

Kafin ya buɗe baki tsohuwar ta riga shi. "Ni? Maƙwabciyar kakarki ce, 'yar nan. Allah ya jiƙanta."

Dakta Ridwan ya durƙusa a bakin kwatar, da shaddarsa da komai. Ya ce, "Ba haka ba ne. Inna ce. Ita ta haife ni."

Tsohuwar ta ja gyale ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna girgiza.