Kifi Ba Shi da Hannun Toshe Kunne

A wani gari na bakin teku an yi wani tsohon masunci mai sauraron kifi. Kullum sai ya tsoma filafilinsa a ruwa, ya kara ƙotar a kunne, ya ji gurnanin kifaye, ya ce wa masunta, "Ku jefa taru nan."

Ran nan wani ƙaton jirgi ya zo neman man fetur, yana ta harba ƙara cikin ruwa don gano inda man yake. Dum! Dum! Kifaye suka watse, taru ya riƙa dawowa wayam.

Shugaban jirgin ya iske tsoho a kwalekwale, ya ce, "Baba, mutane na jin maganarka. Ka ce musu ƙararmu ba ta cutar da komai, in ba ka sabon injin kwalekwale. Ai kifi ba shi da kunne."

Ran tsoho ya ɓaci. Ya tsoma filafili, ya ce, "Kara kunnenka, ɗana."

Mutumin ya kara. Dum! Ya zabura, ya toshe kunnuwa da hannu biyu.

Tsoho ya ce, "Riƙe injinka. Kai sau ɗaya ka ji. Kifaye kuwa kwana arba'in ke nan suna ji, ba su ko da hannun toshewa."