Fenaretin Da Ba a Buga Ba

Fankar tsohuwar kwamfutar tana gurnani kamar injin markaɗe, a kan allon kuma 'yan ƙwallo na gudu tamkar masu tafiya cikin taɓo. Ɗan wasa zai ɗaga ƙafa ya sandare, sai ka sha ruwa ka ajiye kofi kafin ya sauke ta. Saude ta riƙe ƙugu ta dubi abin, ta ja tsaki ta kashe.

Saude injiniya ce a tashar da ke raba wa Sabuwar Katsina wutar rana, birnin da ke tinƙaho da cewa yaran da aka haifa a cikinsa ba su san abin da ake nufi da ɗauke wuta ba. Kwamfutocin zamaninta ba su da jiki, a cikin bangon gida suke, magana kawai ake yi musu. Sai dai duk wayonsu ba sa jin yaren tsofaffin wasanni. Shi ya sa ta je wurin 'yan gwangwan ta tono wannan gyatumar, ta zuba mata manhajar da ake kira makwaikwayi. Aikin makwaikwayi shi ne ya sa kwamfuta ta yi shigar wata na'ura daban, har wasan ya ɗauka a cikin akwatinsa na asali yake. To, kwaikwayo aiki ne mai cin ƙarfi, gyatumar kuwa numfashi ma da ƙyar take yi.

Ba sha'awar wasa ce ta jefa Saude cikin wannan wahala ba. Mahaifinta, Baba Ɗanjummai, mantuwa ta kama shi. Saude sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka tun tana goye yake kiran ta Uwata, amma yanzu in ta kawo masa abinci sai ya ce, “An gode, baiwar Allah.” Wannan kalma tana sukan ta ƙwarai. Likita ya ce wani lokaci abin da hannu ya saba da shi yakan taso da abin da kai ya binne, ita kuwa ta san abin da hannun Baba ya saba da shi.

Kowa a dangin ya haddace labarin. Baba da taubashinsa Baffa Sallau, ɗan mace da ɗan namiji, sun tashi suna tsokanar juna kamar yadda al'ada ta ba su dama. Suna samari suka kara a wani gidan gem da ke Ƙofar Ƙaura, ci biyu da biyu, aka ba Baba fenareti a mintin ƙarshe. Ya ajiye ƙwallo ke nan aka ɗauke wuta. Washegari mai shagon ya tattara ya bar gari. Tun daga ranar, ko a wurin suna ko a zaman makoki, in suka haɗu sai an tayar da maganar. Baba ya ce da ya ci, Baffa ya ce da golansa ya kama. Baba ya laƙaba masa Hannun-tuwo, sunan ya bi shi har jikokinsa. Yanzu kuwa Baffa kan zo ya zauna ya yi ta tsokana, Baba ya yi masa murmushin da ake yi wa baƙo.

Saude ta zage damtse. Ta buɗe cikin kwamfutar ta kakkaɓe ƙurar da ta girme ta. Ta cire ƙwaƙwalwar ta dasa wadda ta fi ta sauri, ta ƙara mata wurin riƙe aiki, ta sa katin hoto mai fanka biyu wanda sai da ta yanke gefen akwatin kafin ya shiga. Tsohon faifan ajiya mai ƙara kamar ɓera ta musanya shi da wanda ba ya motsi. Da ta kunna, sai ga fili kore shar, 'yan wasa na sheƙa gudu sumul, har zufar goshinsu ana gani. Daɗi ya kama ta, ta yi 'yar rawa ita kaɗai a ɗaki.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ta zaunar da tsofaffin biyu, ta miƙa wa kowa hannun gem sabo fil. Baba ya jujjuya nasa ya ajiye a kan cinya, ya koma kallon taga. Baffa Sallau ya gwada, ƙwallo ta wuce shi, ya sake gwadawa ya buga iska.

“Ke Saude,” in ji Baffa, “wannan abin naki ya cika kyau.”

“Baffa, ai kyan nake nema.”

“To, garin neman gira kin rasa ido. Namu ba haka yake ba. Namu in ka danna, sai ya yi shawara da 'yan'uwansa kafin ya motsa. Mu kuwa mun san halinsa, tun ƙwallo ba ta iso ba muke dannawa. Wannan kafin in yi niyya ya riga ya buga. Ina zanen nan kore da ke ratsa talabijin? Ina maɓallin da sai ka sa babban yatsa da ƙarfin tuwo?”

“Baffa, duk abin da ka lissafa lalacewa ce.”

“Lalacewar ce wasan, 'yar nan.”

Kunya da dariya suka haɗe wa Saude. Ita da ta ƙoshi da karatu, ba ta taɓa tunanin yatsun mutum kan saba da jinkiri har su mai da shi gwaninta ba. Ashe da tsohuwar zuma ake magani, ita kuma ta tace ta har ta zama ruwa.

Sai ta sake dabara. Tun da yanzu kwamfutar ta samu ƙarfi, za ta iya ɗaukar makwaikwayi mai kunne, irin wanda ake ba labari ya gina abin da ya ji. Ta kuma jona shi da na'urar da ke kula da gidan, mai sarrafa fitilu da iska da gilasan taga, don ɗakin ma ya shiga kwaikwayon. Ta ce wa Baffa ya faɗa masa komai, kada ya rage.

An sami Baffa a inda yake so. Ya gyara zama ya yi ta zuba: zafin shagon, fankar sama mai kuka, ihun masu jiran layi, mai rake a bakin ƙofa, bencin da ke cizon riga. Ya kawo wasan ƙarshe tiryan-tiryan, har da rantsuwar cewa fenaretin ma na zalunci ne. Saude ta fita dafa shayi ta bar shi yana yi, ba ta ji ƙarshen ba. Ita da kanta ta samo tsofaffin hannuwan gem, ta ɗaure ɗaya da roba kamar yadda ya kwatanta.

Da wata Juma'ar ta zagayo, suna shiga ɗakin gilasan taga suka dushe, zafi ya taso, wata fanka da babu ita ta fara ƙiƙi-ƙiƙi a sama. Allon da Saude ta sha wuya a kansa ya yi dishi-dishi, ga koren zane ya ratsa shi. Duk ƙarfin sabuwar ƙwaƙwalwar nan ya tafi wajen ƙirƙiro jinkiri daidai gwargwado.

Baba ya karɓi hannun gem ɗin da aka ɗaure da roba. Babban yatsansa ya lalubo maɓallin nan mai tauri ya tsaya a kai. Aka busa, sai yatsun suka kama aiki da kansu. Ya sunkuyo gaba, harshe a gefen baki. Ya zura ɗaya. Baffa ya rama yana ihu har hularsa ta faɗi. Saude na tsaye a bayansu, tana jiran kalma ɗaya daga bakin Baba, ba ta samu ba.

Wasa ya kai biyu da biyu, lokaci ya ƙure. Ɗan bayan Baffa ya kwashe ƙafar ɗan gaban Baba a cikin da'ira, alƙali ya nuna fenareti. Baba ya ajiye ƙwallo, ya ja numfashi, ya ɗaga yatsa.

Ɗif! Allo ya mutu, fanka ta yi shiru, ɗaki ya yi baƙi ƙirin.

Nan take Saude ta gane abin da ya faru: Baffa bai rage komai a labarinsa ba, har da ɗauke wutar, makwaikwayi kuwa bai san wanne ne wasa wanne ne tsautsayi ba. Ta fara laluben bango tana salati, tana jin ta ɓata komai.

“Kai! Sun ɗauke!” Muryar Baba ce ta tsaga duhun, da ƙarfinta irin na da. “Hannun-tuwo, wallahi kai ka biya su! Yau ma Allah ya cece ka!”

Sannan aka ji Baffa Sallau, dariya da kuka sun cakuɗe masa. “Ni? Ni zan biya su a kanka, Ɗanjummai? Golana ya riga ya san inda za ka buga, hagu, kullum hagu!”

“Ƙarya kake, dama zan sa ta!”

“Bawa dai ba ya cin ubangidansa.”

“Wa ye bawan? Kai da ko cokali ba ka iya riƙewa ba!”

Suka kaure da musu suna ƙyaƙyata dariya, wani na dukan cinyar wani a cikin duhu. Hawaye suka zubo wa Saude, farin ciki ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Rayuwarta duka ta tafi a kan kada fitila ko ɗaya ta ƙifta a birnin nan, ita da dubban irinta, kuma sun yi nasara. Ba wanda ya taɓa tambayar me suka share tare da duhun.

Hannunta ya kai kan makunnin gaggawa. Baba ya ji motsinta.

“Wa ke nan? Uwata, ke ce?”

Ta ce, “Ni ce, Baba.”

“To, kada ki kunna tukuna. In wuta ta dawo sai na buga, in na buga kuma magana ta ƙare. Zo ki zauna ki ji yadda zan ci shi.”

Saude ta janye hannunta daga makunnin, ta lalubo gefen tabarma kusa da ƙafarsa ta zauna.