Riɗin Kawu Siddik da Jerin Farashi

Ranar Litinin, sha bakwai ga Oktoba, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Kawu Siddik ya miƙa wa 'yar ƙanwarsa wayarsa. Yarinyar tana aji shida a wata makaranta a Gadarif. A can ake koya musu rubuta wa kwamfuta umarni.

A fuskar wayar akwai wani layi mai hawa da sauka. Zanen farashin riɗi ne a kasuwar amfanin gona, rana bayan rana.

"'Yar boko," in ji Kawu, "an ce kin iya magana da wannan abu. Tambaye shi, yaushe farashi ya taɓa zama kamar na yau? Kuma bayan nan hawa ya yi ko sauka?"

Riɗin Kawu yana gona a Gadambaliya. An sussuke shi, an ɗura a buhuna, an rufe da wani tsohon tamfol mai huji. Direba Elfatih ya yi alkawarin ɗauko shi da lori ranar Laraba.

Yarinyar ta zauna a kan tabarma ta rubuta umarninta. Ta ce wa wayar ta fara daga farkon jerin farashi, ta riƙa gwada kowane da na yau. In ta sami mai daidai, ta tsaya.

Ustaza Najwa, malamarsu, takan ce, "Ku gwada aikinku a kan ɗan gajeren jeri da kuka san amsarsa." Yarinyar ta tuna da wannan. Amma Kawu yana tsaye a kanta, ita kuma tana son ta burge shi. Ba ta gwada ba.

Jan ɗigo ɗaya ya fito a kan zanen. Bayan ɗigon, layin ya miƙe sama.

"Hawa zai yi, Kawu!" ta ce.

"Kin tabbata?"

"Wallahi na tabbata."

Nan take Kawu ya kira Elfatih. "Ka bar zuwan Laraba. Zan jira mako biyu."

Habbuba Mairo, kakar yarinyar, tana jiƙa kullun kisra, wainar dawa mai faɗi, a gefe. Ta ɗaga kai ta dubi gabas.

"Siddik, damina ba ta yi sallama ba tukuna," ta ce. "Ita wayar taka ta san tamfol ɗinka ya huje?"

Kawu ya yi dariya kawai.

Washegari a makaranta babu wuta. Sai Ustaza Najwa ta fitar da yara ƙarƙashin dalbejiya, ta jera su layi. Ta ba kowa kati mai lamba.

"Ku ne jerin farashi," ta ce. Ta ba yarinyar kati mai lamba arba'in. "Ke ce farashin yau. Nemo ranar da aka taɓa yin irinki."

Yarinyar ta fara daga bakin layi. Ba ta yi nisa ba ta ga arba'in a hannun ƙawarta Batul.

"Na samu!" ta ce, ta tsaya.

"Kwayyis, da kyau," in ji Ustaza. "To, duk mai arba'in ya ɗaga hannu."

Hannaye uku suka tashi. Na Batul, da wasu biyu can ƙarshen layi.

"Kin tsaya a na farko," in ji Ustaza. "Shi ne mafi tsufa. Waɗancan biyun su ne na kusa da yau, ba ki ma je wurinsu ba. Ki fara daga jiya ki koma baya, kada ki tsaya sai layi ya ƙare."

Yarinyar ta tsaya cak. Ta dubi yaran da ke tsaye bayan waɗancan biyun. Lambobin katunansu ƙanana ne. Ta tuna jan ɗigo ɗayan nan. Ta tuna tamfol mai huji.

"Me ya same ki?" Ustaza ta tambaye ta a hankali.

Yarinyar ta faɗa mata komai.

"Ko da kin samo duka ukun," in ji Ustaza, "abin da ya wuce kawai suke nunawa. Ba su san gobe ba. Je ki gaya wa kawunki yanzu. Na ba ki izni."

Ta fita da gudu. Ta wajen Gallabat hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin. A hanya zuciyarta ta ce mata, ki yi shiru mana, wa zai sani? Amma ƙafafunta ba su tsaya ba.

Ta tarar da Kawu yana shan gahawar jabana a rumfa.

"Kawu, ba ni wayar. Na yi kuskure."

Ta gyara umarnin. Wannan karon jajayen ɗigo uku suka fito. Bayan na farko layin ya hau. Bayan sauran biyun ya gangara.

Kawu ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi sama. Bai yi mata faɗa ba, kuma wannan ya fi mata ciwo. Ya kira Elfatih.

"Ya zol, mutumina," in ji direban, har ana jin muryarsa a tsakar gida, "jiya ka kore ni, yau kana nemana? Larabar na ba wani."

"Yau fa?" in ji Kawu.

Yarinyar ta matso kusa da wayar.

Elfatih ya ce, "Yalla, maza fito bakin titi. Amma abincin dare a kanka yake."

Kawu ya tafi ko takalmi bai gama sawa ba. Yarinyar ta zauna a bakin ƙofa duk yammacin. Iska ta taso, ta kwanta, ta sake tasowa. Habbuba ta kawo mata kisra, ta kasa ci.

Ana kiran sallar magariba ta ji ƙugin lori. Buhunan suna sama, a bushe. Sai da aka gama shigar da su sito sannan ruwa ya ɓarke.

Kawu ya shigo rumfa a jiƙe, ya dafa kanta.

"Laifin namu ne mu biyu," ya ce. "Ke kin yi gaggawa, ni na ɗora gonata a kan ɗigo ɗaya. Amma kin zo kin faɗa da wuri. Shi ya cece mu."

Tun daga ranar yarinyar ta riƙe abu biyu. Ka gwada aikinka kafin ka ce ka tabbata. In kuma ka gano kuskurenka, ka faɗa nan take, kada ka jira.

Elfatih ya cinye abincinsa ya tafi. Maƙwabtan da suka taya sauke buhunan suka watse. Waɗanda suka rage a rumfar su ne Habbuba Mairo da carbinta, da Kawu Siddik yana matse rigarsa, da yarinyar, tana cin kisrar da ta huce.